Yadda ake gwada haɗiya a bakin gado da yadda ake ciyar da mai sarƙewa

Da zarar mai shanyewar ɓarin jiki ya buɗe ido, abin da dangi ke fara yi shi ne su ɗauko moɗa su ba shi ruwa. Tausayi ne, kuma a zafin Damagaram ba mai ganin laifinsu. Sai dai kusan rabin waɗanda wannan ciwo ya kama haɗiyarsu na taɓuwa a kwanakin farko, ruwa tsararo kuwa shi ya fi komai saurin bin hanyar iska ya faɗa huhu. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi da nishi su taso, a ce ciwo ne ya ci gaba, alhali ciwon huhu ne da ya shigo ta cokali. Wannan bayani na sabon ma'aikaci ne, ko ortofonis ne (mai gyaran magana da haɗiya), ko malamin jinya, ko mai motsa gaɓoɓi, wanda za a ce da shi: "Je ka duba mana ko Baba zai iya cin abinci."

Abin da kake buƙatar sani game da jiki kaɗan ne. Haɗiya hawa uku ce. A baki ake tauna a dunƙule loma, harshe ya tura ta baya. A maƙogwaro hanyar iska da ta abinci suke haɗuwa, a nan ne zakaran wuya ke ɗagawa sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska kamar yadda faifai ke rufe ƙwarya, numfashi ya tsaya na ɗan lokacin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Daga nan bututun abinci ya karɓa ya kai ciki. Hawa biyu na farko su ne aikinmu. Na uku na likita ne, namu mu gane shi mu tura.

Kayan aiki

Ka tanadi safar hannu, tocila (ta waya ma ta isa), katakon danne harshe, ƙaramin cokali mai cin mililita 5, cokali mai yatsu, kofi mai faɗin baki, ruwa mai tsabta, sirinji mai mililita 10 ba allura, agogo mai nuna daƙiƙa, buroshi mai laushi da ƙyallen gaz (na wanke rauni), tawul, da ƴar roba ta tofar da abu. Idan ɗakin na da injin zuƙe majina, ka tabbata yana aiki tun kafin ka fara. Idan babu, ka san yadda za ka juya maras lafiya ya kwanta da gefe cikin sauri, kuma kada ka yi gwajin kai kaɗai.

Na gwaji kuma kana son abu uku: mai kauri da cokali ke ɗauka, ruwa tsararo, da abin tauna mai laushi. Akwai garin kaurara ruwa na gwangwani da ake sayarwa a wasu ƙasashe, amma yana da tsada kuma ba kasafai ake samunsa ba, saboda haka kunu mai kauri da aka tace da rariya mai ƙananan ido, ko kindirmo marar gudaji, shi ne abin aikinmu. Ni na fi son in yi gwajin da abin da mai jinya ta dafa da hannunta, domin shi za a ci gaba da ba shi bayan na bar ɗakin.

1. Tambaya kafin taɓawa

Karanta takardarsa, sannan ka zauna da wanda ke kwana da shi. Yaushe abin ya fara, farat ɗaya ko a hankali? Ruwa ne ke sarƙe shi ko tuwo ne ke tsaya masa? Yana tari lokacin cin abinci? Ruwa na fito masa ta hanci? Ya rame? Minti nawa yake yi kafin ya gama kwano ɗaya? Ya yi zazzaɓi ko ciwon ƙirji a ƴan kwanakin nan?

Amsoshin nan su za su gaya maka ko aikin naka ne. Wanda ruwa ke sarƙewa tun daga kurɓar farko, yawanci matsalar jijiya ce: shanyewar ɓarin jiki, ciwon makyarkyata na tsufa, buguwar kai a haɗarin babur, sanƙarau. Wanda kuwa ya ce nama ya fara tsaya masa a ƙirji, bayan wata biyu tuwo, yanzu har kunu, ga rama, wannan kada ka ɓata masa lokaci da motsa harshe. Tura shi babban asibitin ƙasa na Damagaram a duba bututun abincinsa, domin ciwon daji na iya zuwa da wannan siffa. Haka yaron da ya taɓa shan sodar da ake haɗa sabulu da ita, bayan makonni hanyar ta tsuke. Haɗiya mai zafi da farin abu a harshe da ganda tana sa a nemi gwajin ƙanjamau da na suga. Muƙamuƙin da ya ƙage bayan rauni, ko tsoron ruwa bayan cizon kare, gaggawa ce ta likita nan take.

Akwai wasu biyu da suka shafi yankinmu. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Nijar a 2023 ta fi tsanani a jihar Damagaram, musamman wajen Matamaye, kuma tana iya shanye ganda makonni bayan maƙogwaro ya warke, sai ka ga yaro yana magana ta hanci, kunu na dawo masa ta hanci. Ka tambayi uwa ko ya yi ciwon wuya kwanan baya. Na biyu cutar da ake kira noma, mai cin naman baki da fuskar yara, wadda tabonta ke ɗaure baki har ya ƙi buɗuwa. Ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da masu ita a nan garin Damagaram.

Ka kuma sa ran jin cewa beli ne. Kada ka yi wa dattijuwa dariya ko faɗa. Haska tocila ka nuna mata, ka ce: "Inna, ku duba, belinsa lafiya lau yake. Jijiyar da ke tura abinci ce ta yi rauni. In aka kai wa wanzami, jini zai zuba inda ba ya iya haɗiyewa." Sau da yawa ganin ido ya fi dogon bayani shiga.

2. Shin ya isa a gwada shi yau?

Sai ya iya zama a farke, yana bin ka da ido, na aƙalla minti 15. Sai an iya zaunar da shi a miƙe, kansa bai langaɓe ba. Ƙirga numfashinsa: in ya haura 25 zuwa 30 a minti ɗaya, ko kana jin majina na kurkura a wuyansa bai iya fitar da ita ba, ka dakata. Mai gyangyaɗi ba a gwada shi, ko da dangi sun matsa. Rubuta cewa kada a ba shi komai ta baki, ka sanar da likita don a sa ƙarin ruwa, ka dawo gobe.

Gadon da ba ya ɗagawa, a jera matasai ko a naɗe bargo a bayansa. A gida kan tabarma, a jingina shi da bango, ko wani ɗansa ya zauna a bayansa ya tallafe shi da ƙirji. A sa matashi ƙarƙashin hannun da ya shanye don kada ya karkace. Kashe rediyo, a rage ƴan dubiya.

3. Duba baki, sannan ka wanke shi

Ka ce ya yi murmushi, ya tsuke leɓe, ya kumbura kumatu. Ya fito da harshe, ya kai shi dama da hagu, ya tura shi cikin kunci kana dannawa daga waje don ka ji ƙarfinsa. Ya ce "aaa" kana haska ganda ka ga ko ɓangarorin biyu na ɗagawa daidai. Saurari muryar: busasshiya ce garau, ko tana fita kamar akwai ruwa a kanta? Ka ce ya yi tari da ƙarfi. Tarin nan shi ne mai gadin huhunsa, in ya fito a raunane ka ninka hattara. Daga nan ya haɗiye miyau kana taɓa wuyansa. Wanda ya kasa haɗiye miyau sau 3 cikin daƙiƙa 30 abin lura ne, sai dai ka jiƙa masa baki tukuna, don busasshen baki kowa ma yana wahalar haɗiya.

Kuskuren da ya yaɗu shi ne a soka katako can cikin maƙogwaro, in ya yi yunƙurin amai a ce haɗiyarsa lafiya. Wannan ba hujja ba ce. Akwai masu lafiya da yawa da ba sa yunƙurin, akwai kuma masu yunƙurin da ruwa ke zuba huhunsu.

Yanzu wanke bakin, kuma kada ka ɗauki wannan ƙaramin aiki. Abin da ke kawo ciwon huhu ba ruwan kaɗai ba ne, har da ƙwayoyin cutar da ya kwaso daga baki. Mutumin da ya kwana uku baki buɗe, musamman lokacin hunturu da ƙura, za ka tarar da busasshiyar majina ta manne a gandarsa kamar ɓawo. Jiƙa gaz, ka matse shi sosai, ka naɗa a katako, ka goge ganda da harshe da cikin kumatu, kansa a sunkuye ko a juye gefe. Haƙora da buroshi da man goge baki ɗan kaɗan. Kada a ba shi ruwa ya kurkure. Aswaki yana da kyau ga mai lafiya, amma zarensa na gutsurewa, saboda haka a jinkirta shi ga wanda ba ya iya tofarwa. Wani bincike da aka yi a gidajen kula da tsofaffi a Japan, aka buga a 2002, ya nuna cewa tsabtace baki bayan kowane cin abinci ya rage ciwon huhu da mace-macen da yake jawowa. Ba magani mai arha kamar wannan a duk aikin namu.

4. Gwajin kansa

Tsarin da nake bi ya yi kusa da wanda ake kira GUSS, da aka fitar a ƙasar Ostiriya a 2007 don masu shanyewar ɓarin jiki. Hikimarsa ita ce a fara da mai kauri, wanda ya fi sauƙin sarrafawa, kafin ruwa.

Zauna daidai tsayinsa ko ƙasa da shi kaɗan. In ka tsaya a kansa zai ɗaga kai ya dube ka, ɗaga kai kuwa buɗe hanyar iska ne. Ɗora yatsunka huɗu a hankali a gaban wuyansa: manuniya ƙarƙashin haɓa, ta tsakiya a kan ɗan ƙashin da ke sama da zakaran wuya, sauran biyu a kan zakaran wuyan. Taɓawa kawai, ba dannawa ba.

Ba shi rabin ƙaramin cokali na kunu mai kauri, ka ce: "Bismillah, Baba, ku haɗiye." Ka ji ko zakaran wuya ya yi tsalle sama da gaba da sauri, ko ya ɗan motsa kawai ya koma, ko sai da aka jima. Da ya haɗiye ka ce ya ce "aaa". Haska bakin ka ga abin da ya rage, musamman cikin kuncin ɓangaren da ya shanye. In komai lafiya, ka ƙara cokali uku zuwa biyar, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Ka tsaya nan take idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: tari ko gyaran murya kafin haɗiya ko lokacinta ko bayanta, murya ta jiƙe, numfashi ya canza, ido ya kawo ruwa, fuska ta sauya launi, abinci na zubowa ta gefen baki ko ta hanci, ko ya riƙe loma a baki ya kasa turawa. Kada ka ce bari in ƙara ɗaya in tabbatar. Kuma ka jira kamar minti 3 kana kallonsa, domin wani tarin sai abin da ya maƙale ya gangara daga baya yake zuwa.

In ya wuce mai kauri, sai ruwa. Auna da sirinji ka zuba a cokali ko kofi: mililita 3, sannan 5, 10, 20, daga ƙarshe 50 ya sha da kansa a kofi. Sirinji na awo ne kawai, ba a tsirta ruwa da shi cikin bakin mutum. In ruwa ma ya wuce, ka ba shi abin tauna, ɗan guntun ayaba ko tuwo mai laushi, daga baya burodi, ka lura da tsawon taunar da abin da ya bari a baki.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci. Akwai waɗanda ruwa ke shiga huhunsu ba tare da ko tari ɗaya ba, saboda ciwon ya kashe jin maƙogwaron. Dangi za su ce: "Ai bai ƙware ba, ya sha lafiya." Rashin tari ba shaida ba ne. Shi ya sa muke sauraron murya bayan kowace haɗiya, muke auna zafin jiki safe da yamma na kwana uku bayan an fara ciyarwa. Abin awon iskar jini da ake maƙalawa a yatsa yana da amfani wajen lura da numfashi, amma kada ka dogara da shi ya gaya maka ko abu ya bi hanyar iska. Hanyoyi biyu ne ke nuna wannan ƙarara: hoton haɗiya mai motsi da ake ɗauka da sinadarin bariyum, da siririyar kyamara da ake zurawa ta hanci, wadda Susan Langmore ta bayyana amfani da ita a 1988. Ba kowane asibiti ke da su ba. Wanda ka yi shakka a kansa, ko ciwon huhu ke dawo masa, ka haɗa shi da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ko ba komai zai duba maka ko igiyoyin murya na rufewa.

5. Yanke shawara

Sakamakon ɗaya ne cikin uku. Ya wuce duka: ya ci abinci mai laushi ana lura da shi. Ya wuce mai kauri ya faɗi a ruwa: a ba shi mai kauri kaɗai, ruwa ya bi ta wata hanya ko a kaurara shi. Ya faɗi tun a cokalin farko: ba komai ta baki sai wanke baki, a yi maganar robar hanci (wadda ake zurawa ta hanci zuwa ciki don ciyarwa) da likita cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kada a bar shi mako guda a kan ƙarin ruwa zalla, don ƙarin ruwa ba abinci ba ne.

Robar hanci mutanenmu na tsoronta, wasu na ɗaukarta alamar an fid da rai. Ka zauna da babban ɗa ko mai gidan ka yi bayani a natse: "Alhaji, wannan roba hanya ce ta wucin gadi. Yawancin masu irin wannan ciwo haɗiyarsu na dawowa cikin makonnin farko. Muna son ƙarfinsa ya kai shi lokacin." A tabbatar da robar tana ciki kafin a zuba komai, ta gwada tsamin ruwan da aka zuƙo da takardar awo, ko ta hoto. Hura iska a saurara da abin sauraron ƙirji yana yaudara. Kuma ko da roba, a zaunar da shi lokacin zubawa.

Magunguna ma ka bi ta kansu. Duk ƙwayar da aka rubuta LP a kwalinta, irin wasu magungunan hawan jini, a hankali take sakin magani, in aka daka ta duka zai shiga jini lokaci guda. Tambayi likita ko mai farmasi kafin a daka kowace ƙwaya. Mai ciwon suga da cin abincinsa ya ragu, a sake duba masa yawan maganinsa.

6. Daidaita kaurin abinci da abin da ke cikin tukunyar gida

Cewa "ku ba shi mai kauri" bai isa ba, don kaurin Hajiya daban, na kishiyarta daban. Akwai ma'aunin duniya mai suna IDDSI, mai hawa daga 0 zuwa 7, kuma awonsa da sirinji ake yi. Cire abin turawa, toshe bakin sirinjin da yatsa, cika shi zuwa layin 10, saki yatsa daƙiƙa 10 cif, ka sake toshewa. In abin da ya rage bai kai mililita 1 ba, tsararo ne, hawa 0. Daga 1 zuwa 4, hawa 1. Daga 4 zuwa 8, hawa 2. Sama da 8 amma yana ɗiga, hawa 3. Wanda ba ya zuba sam, yana zama a cokali, in ka karkata ya faɗo dunƙule ɗaya bai manne ba, hawa 4 ke nan. Sirinjin da aka tsara awon da shi tsawonsa daga layin 0 zuwa na 10 milimita 61.5 ne, ka auna naka da rula. Na tauna kuwa, hawa 5 gutsattsarin da bai wuce milimita 4 ba ga babba, wato faɗin tsakanin yatsun cokali, a jiƙe da miya. Hawa 6 loma mai laushi da ba ta wuce santimita 1.5 ba, wadda cokali ke murƙushewa.

Kai ne mai sirinji. Mai jinya cokali za ka koya mata: ku dama tare, ta ga yadda yake zuba daga cokali, ta dama nata a gabanka har ya yi daidai.

Kunu yana da halaye biyu da dole ka sani. Yana ƙara kauri in ya huce, saboda haka a auna shi a zafin da za a sha. Sannan miyau na narkar da shi: cokalin da ya shiga baki ya koma kofi sau goma zai mayar da kunu mai kauri ruwa tsararo kafin a kai rabi. A riƙa ɗibar kaɗan a ƙaramin kofi, in ya tsinke a zubar a ɗebo sabo.

Fura ita ce ta fi ba mu aiki, don dattijon Damagaram zai haƙura da komai ban da ita. Yadda aka saba dama ta, ruwa ne da gudaji a haɗe, abin da ya fi wuya ga maƙogwaro mai rauni ke nan: ruwan ya riga ya gangara, baki na fama da gudajin. Ba sai an hana ba. A dama ta da kindirmo sosai, a tace, a rage yaji, ta fito sumul da kauri ɗaya. Tuwon gero ko na dawa mai laushi da aka murje cikin miyar kuka ko kuɓewa yana tafiya da kyau saboda santsi, in dai an tace ƙashin kifi da zaren nama. Dankali, kabewa, ayaba, wake da aka cire wa ɓawo aka murje, ƙwai mai laushi, duk suna yi. A ƙara cokalin mai ko madarar gari ko tunkuza a kunu don ƙarfi, saboda mai cin kaɗan yana buƙatar kowane cokali ya yi nauyi.

A ajiye kilishi, tsire, dambu, shinkafa mai warwara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya, busasshen dabino da goro. Kankana da lemu suna da laushi amma ruwansu na ɓallewa a baki. Ruwan leda da ake matsa wa maras lafiya a baki, da shan ruwa ta bakin buta, a daina su gaba ɗaya.

Kauri kuma ba garkuwa ba ne. In ya yi yawa yana maƙalewa a maƙogwaro, kuma mutane ba sa son sa, sai su rage sha. Babba yana buƙatar kimanin mililita 30 na ruwa ga kowane kilo na nauyinsa a yini, wato lita 1.8 ga mai kilo 60, fiye da haka a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, sai fa mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ƙayyade wa. Lita 1.8 ƙaramin cokali 360 ne. In ka yi wannan lissafi za ka gane dalilin da ya sa wasu ke buƙatar roba don ruwa ko da suna cin tuwo da baki. A riƙa duba fitsari: in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai isa ba.

Rubutu da ruwan tofi da zamzam za su zo, kada ka yi musun wannan. Ka roƙi a shafa masa a leɓe da fuska, ko a zuba kaɗan cikin kunun mai kauri. Ban ga iyalin da suka ƙi wannan ba in an faɗa musu da ladabi.

7. Koya wa mai ciyarwa

Ita ce za ta yi aikin sau biyar ko shida a yini, don haka ka ba ta cokalin ta yi a gabanka. A zaune a miƙe, a farke. Ƙaramin cokali, ba ludayi ba. A sa loma a ɓangaren baki mai lafiya. A ga zakaran wuya ya hau ya sauka kafin a kawo ta gaba, in da hali ya haɗiye sau biyu. Ba hira da loma a baki. Ba a kora tuwo da ruwa. In ya gaji, ko an kai minti 30, a tsaya. A ƙarshe a duba kunci a kwashe abin da ya ɓuya, a wanke baki, ya zauna minti 30 kafin ya kwanta. Ɗura, ko ga yaro ko ga tsoho, babu ita.

Wasu dabarun zama suna taimako, amma a gwada kowace a gabanka tukuna. Sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji na taimakon wasu, wasu kuma ba ya yi musu komai. Juya fuska zuwa ɓangaren da ya shanye yana matse wannan gefe, abinci ya bi mai lafiya.

8. Motsa jijiyoyin haɗiya

Wannan sai mai hankalinsa a jikinsa da ke bin umarni. Haɗiya da ƙarfi: ya matse harshe da maƙogwaro iya ƙarfinsa duk lokacin da zai haɗiye. Riƙe zakaran wuya: in ya hau sama ya riƙe shi daƙiƙa 2 zuwa 3 kafin ya saki. Riƙe harshe: ya ɗan ciji kan harshensa ya haɗiye miyau, miyau kaɗai, ba a yin wannan da abinci. Ɗaga kai, wanda ake kira Shaker: ya kwanta rigingine ba matashi, ya ɗaga kai ya dubi yatsun ƙafarsa kafaɗa na ƙasa, minti 1 sau uku da hutun minti 1 a tsakani, sannan ɗagawa da saukewa sau 30, sau uku a yini har mako 6. Yana da wuya, tsofaffi da yawa ba sa jurewa, kuma ba a yi wa mai ciwon wuya. Madadinsa a zaune: a naɗe tawul ko a sa ƙwallon roba ƙarƙashin haɓa ya riƙa dannawa. Dabarar riƙe numfashi a haɗiye sannan a yi tari, a kauce mata ga mai ciwon zuciya. Zaɓi biyu da suka dace da raunin da ka gani, kada ka ɗora masa duka.

9. In abinci ya shaƙe shi, da kuma bibiya

Kowa a gidan ya san wannan kafin a sallame su. In yana tari da ƙarfi, a sunkuyar da shi gaba a bar shi ya yi, kada a ba shi ruwa. In murya ta ɗauke, ba tari ba numfashi, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, sannan a zagayo ta bayansa a dunƙule hannu sama da cibiya a ja ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa ana neman taimako. Kada a zura yatsa ana lalube abin da ba a gani ba.

A makon farko ka sake gwaji kullum ko bayan kwana biyu, domin haɗiya na canzawa da sauri, ka rubuta hawan abinci da na ruwa a takarda a manna a kan gado. Mai komawa Miriya ko Tanut ko Gure, ka rubuta wa ma'aikacin asibitin garinsu abin da aka yarda ya ci da ranar da za a sake dubawa. Zazzaɓi, saurin numfashi, kaki mai launi, ƙin abinci ko raguwar fitsari, a kai shi asibiti a ranar. Ka sa musu ranar dawowa bayan mako biyu, sannan bayan wata guda, a riƙa auna nauyinsa kowane zuwa. Akwai waɗanda haɗiyarsu ta dawo tuntuni amma suna nan a kan tataccen kunu wata da watanni suna ramewa, don ba wanda ya sake gwada su. In ya wuce gwaji, ka ɗaga shi hawa ɗaya, a yi kwana biyu ko uku ana auna zafin jikinsa, sannan a ƙara na gaba.